Mene ne ƙuri'ar lasisin farauta a Amurka?

A jihohin yammacin Amurka, mallakar bindiga ba ta ba mutum damar harbin babban naman daji. Kowace shekara hukumar namun daji ta jiha tana ƙiyasta yawan dabbobin kowane yanki, su barewa, ragon dutse da elk, wata ƙatuwar barewa mai ƙaho rassa-rassa, sannan ta yanke nawa za a iya kashewa ba tare da garken ya karye ba. Masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa ake jefa ƙuri'a. Wanda ya ci, takardarsa ta dabba ɗaya ce, a yanki ɗaya, cikin kwanakin da aka ƙayyade.

Sai dai sa'a kaɗai ba ta cika yin aiki ba. Jihohi irin su Aidaho da Niyu Meksiko ne ke barin abin ga rabo zalla. A Kolorado duk shekarar da ka faɗi ana rubuta maka maki ɗaya, kuma mai maki mafi yawa shi ake fara ba wa barewa ko elk. Nebada kuwa tana ninka makinka da kansa: mai maki 5 ana ƙara masa dama 25, amma ɗan sabon shiga ma zai iya yi masa fintinkau. Tsarin Kolorado ya yi kama da adashi, illa dai a nan ranar kwasa gudu take yi. Jama'a na ƙaruwa, makin da ake bukata na hawa, har a wasu yankuna mutum ya haura shekara 20 yana biyan kuɗi yana jira. A ganina matashin da ya fara yau shi aka fi ƙwara.

Wa ya cancanta? Ɗan jiha ne kan gaba. Niyu Meksiko ta ware wa mazauna jihar kashi 84 cikin 100 na guraben, baƙon da bai ɗauki jagoran farauta ba kashi 6 kacal, ga kuɗinsa ya ninka sau da yawa. A 1978 Kotun Ƙolin Amurka ta ce irin wannan bambancin kuɗi a Montana bai saɓa wa tsarin mulki ba. Zama ɗan jiha a Kolorado sai an yi wata 6 a jere, kuma duk wanda aka haifa daga 1949 zuwa yau sai ya nuna shaidar kwas ɗin kiyaye haɗarin farauta. Wanda aka dakatar a wata jiha kan farautar sata, sauran jihohin ma sukan rufe masa ƙofa.