Waiwaye: Yadda muryar gari ta fice daga ƙananan tashoshin waƙoƙin bishara na Amurka

Tun 2023 ake ta kai ruwa rana a Amurka kan makomar rediyon matsakaicin zango, wato AM, bayan da aka fara fitar da wasu motoci masu aiki da lantarki babu shi, saboda injinsu yana cika zangon da hayaniya. Maganar ta kai har majalisar dokoki. Cikin waɗanda hankalinsu ya fi tashi akwai ƙananan tashoshin waƙoƙin bishara na garuruwan karkara, musamman a kudancin ƙasar, domin da yawansu a wannan zango suke. Sai dai wanda ya san tashoshin nan ya san ciwonsu ya girmi wannan rigimar ta motar lantarki da shekaru arba'in.

Farkon labarin sananne ne. A Janairun 1921 tashar KDKA ta Pittsburgh ta watsa sujada kai tsaye daga majami'a. A 1922 James D. Vaughan, mai buga littattafan waƙoƙi wanda tun 1910 yake tura mawaƙa huɗu-huɗu yawon tallata su, ya kafa tashar WOAN a ɗan garin Lawrenceburg na jihar Tennessee. Bayan yaƙin duniya na biyu abin ya bazu: tashoshin AM ba su kai 1,000 ba a 1945, amma zuwa 1950 sun haura 2,000, sababbin da dama a ƙananan garuruwa.

Irin wannan tasha ba wata babba ba ce. Ɗaki biyu ko uku ne a bayan gari, da turken eriya a fili, da ƙarfin wat 250 ko 1,000. Da yawa da rana kaɗai suke aiki, domin da dare zangon AM yana tafiya nesa, dole ƙaramar tasha ta rufe ko ta rage ƙarfi da faɗuwar rana don kada ta shiga ta manya. Kuɗinta daga garin yake fitowa: mai sayar da taki, mai kantin magani, masu hidimar jana'iza. Ranar Lahadi kuwa minti goma sha biyar ko rabin sa'a ake sayarwa. Fasto ya zo da mawaƙansa, su matsu gaban makirufo ɗaya, su rera, ya yi wa'azi, ya ambaci marasa lafiya da sunayensu, ya biya da abin da 'yan majami'a suka tara, na bayansa kuma yana jira a bakin ƙofa.

Zuwa 1978 masu sauraron FM sun zarce na AM. Wannan bai kashe bishara a rediyo ba, hasali ma tashoshin AM sun yi araha, wasu da a da ranar Lahadi kawai suke sa waƙoƙin bishara suka koma yinsu dukan mako.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne farantin tauraron ɗan'adam da ya fara bayyana a bayan waɗannan gine-gine daga 1981, lokacin da aka soma aiko wa tashoshi shirye-shiryen kiɗa na sa'o'i 24 daga wuri guda. A ganina nan ne hanya ta rabu. Tsarin mai sauƙi ne: mai gabatarwa ɗaya a wani babban birni yana magana, tashoshi barkatai suna ɗauka a lokaci guda. Idan lokacin talla ya yi, sai a aiko da wata 'yar alamar sauti, na'ura ta saki tallar garin da sunan tashar da aka naɗa tun tuni, sannan ta mayar da layi. Mai sauraro yana jin sunan garinsa, yana zaton mutumin yana nan kusa.

Ba na ganin laifin mai tashar da ya karɓi wannan. Kantunan tsakiyar gari da ke ba shi talla suna ta rufewa, matasa suna ƙaura, albashin masu gabatarwa uku ya fi ƙarfinsa, ga sauti mai tsafta da mawaƙan da suka yi suna. Amma abin da ya fita bai da farashi a takarda. Muryar da ke zuwa daga nesa ba ta san wanda ya rasu jiya da dare ba, ba ta karanta cigiya, ba ta san majami'ar da ke taron farkawa a wannan mako ba. Mawaƙan garin da a da sukan kawo faifan da suka buga da kuɗinsu a sa musu, sun rasa wanda za su miƙa wa. Da masu sauraro suka daina jin sunayensu, mai kanti ya rasa dalilin biyan talla, rashin tallar kuma ya sa aka ƙara wa farantin sa'o'i. Haka abin ya yi ta cin kansa a hankali, babu ranar da za a nuna a ce yau aka rufe.

Dokokin da aka fi ambata sun zo ne daga baya, suka tarar da abin da ya riga ya faru. A 1995 aka yarda tasha ta yi aiki babu ma'aikaci a ciki, a 1996 aka cire iyakar yawan tashoshin da mutum zai mallaka a faɗin ƙasar, a 2017 kuma aka soke sharaɗin ajiye babban ɗakin shiri kusa da garin da aka ba lasisi.

Ba duka suka bi wannan hanya ba. Tun 2000 akwai lasisin ƙaramar FM mai wat 100, majami'u da yawa sun karɓa. An kuma buɗe wa tashoshin AM hanyar maimaita shirinsu a FM, ta yadda mai rufewa da magariba yanzu yana iya kaiwa dare. A garuruwan da iyali ɗaya ya riƙe tasharsa, har yau ana karanta sanarwar rasuwa kafin waƙar farko ta safe, sai dai masu karantawar da yawa sun manyanta, 'ya'yansu kuma suna aiki a birni.