Shayin mate ma yana da kafeyin

An daɗe ana cewa mate, shayin mutanen Ajantina, Faragwai, Yurugwai da kudancin Brazil, ba shi da kafeyin (sinadarin da ke cikin kofi mai hana barci), wai wani sinadari ne dabam mai suna “matin” a cikinsa, wanda ba ya hana barci. Ba laifin masu faɗar haka ba ne, don sunan kansa yana ruɗarwa.

Gaskiyar ita ce matin da kafeyin abu ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta. Ganyen yana fitowa daga itacen Ilex paraguariensis, wanda mutanen Gwarani, ’yan asalin yankin, suka fara sha tun kafin zuwan Turawa. A gonakin lardunan Misiyones da Koriyantes na Ajantina ana yanke rassan, a babbaka ganyen a wuta na ɗan lokaci, a busar, a ajiye shi watanni kafin a niƙa. Babu inda ake cire kafeyin a wannan aikin.

To me ya sa wasu ke jin ya fi kofi sauƙi? Yadda ake shansa ne. Ƙoƙo ɗaya ake cikawa da ganye, mutum ɗaya na zuba ruwan zafi da bai tafasa ba, ana zagayawa da bututun ƙarfe guda. Kowa ya zuƙi kaɗan, hira na tafiya, ganyen na ta salamcewa.

Mai son tabbatarwa ya duba jikin ledar ganyen mate, ko ya nemi ainihin sunan itacen ya karanta abin da ke cikinsa. Mai juna biyu da mai hawan jini su tuntuɓi likita tukuna. A tura wa ’yan uwa wannan bayani.