Ba ƙiba ke ba ɗan wasa gurbi a layin gaba na NFL ba

Mutane in sun ga ƙattin nan biyar da ke kare kwatabak (ɗan wasan da ke jefa ƙwallo) a NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, sai su ce ai wanda ya fi ƙiba shi koci ke fara sawa. Wallahi ba haka ba ne. Eh, suna da nauyi, da yawansu kusan kilo 140, amma a atisayen Yuli da Agusta saurin ƙafa ake kallo da yadda kake sa hannu da ko ka haddace tsarin wasa, musamman senta, wato na tsakiyar su biyar ɗin, shi ke faɗa wa sauran wa zai tare wa. Jason Kelce ma an ce ya yi ƙanƙanta, sai zagaye na 6 na zaɓen sababbin 'yan wasa ƙungiyar Philadelphia Eagles ta ɗauke shi a 2011, amma a shekarar ya ƙwace gurbin senta.