Sabon injiniya: fansho ba kyautar kamfani ba ce, hutu kuwa sai ka nema

Magana biyu ke yawo tsakanin yaranmu da suka gama karatun injiniya a ABU da kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli a Zariya, kuma na ji su a Samaru, na ji su a Tudun Wada. Ta farko, wai idan an ba ka takardar ɗaukar aiki kada ka kuskura ka ta da zancen fansho ko inshora, za a ce idonka na kan kuɗi a janye takardar. Ta biyu, wai ba ka da buƙatar ciniki, Dokar Ƙwadago ta riga ta tanadar maka hutu da komai. Duk biyun kuskure ne, ta biyun ma ta fi haɗari.

Ɗan yayata ne ya sa na zauna rubuta wannan. Ya gama bautar ƙasa, wani kamfanin gine-gine ya ba shi aiki, ya kawo mini takardar bayan la'asar a cikin ambulan, sai murna yake yi. Ya ɗora yatsa a shafi na biyu ya ce, "Kawu, duba, har fansho da inshorar rai za su ba ni." Na ce masa, "Ɗana, waɗannan ba su suka ba ka ba. Nuna mini inda aka rubuta kwanakin hutunka." Ya juya takardar gaba da baya, babu.

Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta shafi ma'aikatan gwamnatin tarayya da kamfanonin da ke da ma'aikata 15 zuwa sama. Ta ce kamfani zai zuba aƙalla kashi 10 cikin 100 na albashinka daga aljihunsa, a cire kashi 8 daga naka, a tura duka cikin asusun ajiyar fanshonka, wanda kai ne ke zaɓar kamfanin da zai kula da shi. Ta kuma tilasta wa mai ɗaukar aiki ya yi maka inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinka na shekara ba, kuma shi zai biya kuɗinta. Diyyar rauni a wurin aiki tana ƙarƙashin dokar 2010, inda kamfani ke biyan NSITF, hukumar da ke kula da asusun diyyar ma'aikata, kashi 1 na jimillar albashin ma'aikatansa ba tare da ya taɓa naka ba. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ita ma ta mayar da inshorar dole. To me za ka ji tsoro don ka tambayi abin da doka ta riga ta ɗora musu? Kamfanin da zai janye takarda saboda wannan tambayar ya gaya maka tun da wuri yadda zaman zai kasance.

Akwai hukunci kuma. Dole kuɗin fanshon su shiga asusunka cikin kwanakin aiki 7 daga ranar da aka biya ka albashi. Idan kamfani ya riƙe su, zai biya bashin, sannan ya biya tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na abin da ya riƙe ba, a kowane wata, kuma tarar asusunka za ta shiga. Hukumar kula da fansho ta ƙasa, wato PenCom, ce ke bin wannan. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake cire kashi 8 ɗin a takardar albashi wata bayan wata, yaro bai taɓa duba ko sun isa asusun ba, sai ranar da ya bar aikin ya tarar wayam. Kalmar "lokacin gwaji" ma kada ta ruɗe ka, dokar ba ta ce a jira a tabbatar da kai kafin a fara zubawa ba.

Inda cinikin fansho yake na gaskiya shi ne a kan wane kuɗi ake lissafa kason. Doka ta ce kada ya gaza jimillar gundarin albashi da kuɗin gida da kuɗin mota. Wasu kamfanonin sai su ƙanƙance waɗannan ukun, su kumbura sauran alawus. A ce albashinka naira 300,000 ne. Idan an lissafa a kan duka, kamfani zai zuba maka 30,000 a wata. Idan an rubuta ukun nan a kan 120,000, sai ya zuba 12,000. Bambancin a shekara 216,000 ne, kuma ba su karya doka ba. Don haka ka nemi a rarrabe maka albashin layi-layi. Ka kuma tambaya ko adadin da aka faɗa maka da baki ya haɗa da kashi 10 ɗin kamfani, domin akwai masu cusa shi ciki don albashin ya yi kyan gani.

Yanzu ga maganar da ta fi ruɗa mutane. Gaskiya ne Dokar Ƙwadago ta ba ma'aikaci hutun kwanakin aiki 6 bayan wata 12, da kwana 12 na rashin lafiya, da mako 12 na haihuwa ga mace. Amma wa take nufi da ma'aikaci? Sashe na 91 ya fayyace, ya kuma cire masu aikin gudanarwa da shugabanci da aikin fasaha da na ƙwararru. Injiniya yana cikin waɗanda aka cire. Lebura da ke ɗaukar kwanon kankare a wurin ginin da kake duba, dokar ta rufe shi, kai mai hular kwano da takardar zane ba ta rufe ka ba. Ko da ma ta rufe ka, kwana 6 a shekara wane hutu ne ga wanda aka tura aikin hanya nesa da iyalinsa?

A ganina wannan sashe ya tsufa. Tun 1974 dokar take, lokacin da kamfanoni ke neman injiniya ido rufe, shi ne ke faɗin farashinsa. Yau yaro ya yi shekara biyu yana yawo da takardu, wane ƙarfin ciniki gare shi? Amma haka dokar take har yanzu. Ba a ce ba ka da inda za ka kai kuka ba, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a Kaduna, kuma tana sauraron ƙarar injiniya kamar ta kowa. Sai dai abin da alƙali zai fara buɗewa shi ne takardar da ka sa wa hannu. Alkawarin da manaja ya yi maka a ofis yana murmushi ba ya cikinta.

Saboda haka kwanakin hutu, albashi lokacin jinya, alawus na fita aiki, masauki idan an tura ka wani gari, wa'adin sanarwa kafin sallama, albashin wata na 13, duk sai an rubuta. Ka tambayi wa zai biya kuɗin rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, da na ƙungiyar injiniyoyi ta Najeriya, wato NSE, ka kuma tabbatar akwai injiniya mai rajista da za ka yi aiki a ƙarƙashinsa, domin shekarun gogewar da za ka nuna wa COREN daga nan za su fito. Wannan ya fi ƙarin dubu goma a wata amfani.

Ɗan yayata ya ce, "Kawu, idan suka ji haushi fa?" Na ce ya fara da godiya, ya ce yana son aikin, yana roƙon a ƙara layi uku kafin ya sa hannu. Ya koma ranar Litinin. Sun ƙi ba shi masauki, sun ce gundarin albashin tsarin kowa ne ba za a canza ba, amma sun rubuta masa hutun kwanakin aiki 15 da kuɗin fita aiki. Na ce ranar da albashin farko ya shigo ya ƙirga kwanakin aiki bakwai, ya duba asusun fanshonsa, ya kira ni.