Magungunan taƙaita lalacewar tsokar zuciya bayan toshewar jijiya

Idan gudan jini ya toshe ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke ciyar da zuciya, tsokar da ta dogara da wannan jijiya ba ta mutuwa nan take. Sai bayan kamar minti 20 zuwa 30 ɓarna ke somawa daga cikin bangon zuciya, ta riƙa ci zuwa waje cikin 'yan sa'o'i. Tsokar da ta mutu kuwa ba ta farfaɗowa, tabo ke maye gurbinta. Don haka magungunan da ake bayarwa a wannan tsakani, aikinsu shi ne ceto abin da ke da sauran rai.

Na farko shi ne asfirin, kimanin miligiram 300. Taunawa ake yi, ba a haɗiye shi ɗungurungum, don ya yi saurin shiga jini ya hana gudan ƙara girma. Akan haɗa masa da clopidogrel ko ticagrelor, da allurar heparin, waɗanda su ma magungunan hana jini yin guda ne.

Babban aikin dai buɗe jijiyar ne. Inda ba za a samu buɗe ta da siririn bututun da ake zurawa ta cikin jijiya cikin minti 120 ba, sai a yi allurar narkar da gudan jini, irin su streptokinase, alteplase ko tenecteplase. Gwajin ISIS-2 na 1988, a kan marasa lafiya sama da 17,000, ya nuna asfirin da streptokinase kowanne yana rage mace-mace, haɗa su kuma ya rage da kusan kashi 40 cikin ɗari. Allurar ta fi amfani a sa'o'i biyu ko uku na farko. Bayan sa'a 12 amfaninta ya yi ƙaranci. Tana da haɗarin zubar jini a ƙwaƙwalwa, shi ya sa ba a yi wa wanda ya taɓa samun irin wannan, ko wanda aka yi wa babbar tiyata kwanan nan.

Sauran magungunan sauƙaƙa wa zuciya nauyi suke yi. Metoprolol na rage bugunta don ta rage buƙatar iskar oksijin. Nitroglycerin, da ake sawa ƙarƙashin harshe, na sassauta ciwon ƙirji. Ramipril da danginsa na hana zuciya faɗaɗa ta yi rauni daga baya.

Abin da ya fi damun masu bincike shi ne, dawowar jinin kansa yana iya kashe wasu ƙwayoyin tsokar da suka jigata. An sa rai wani magani mai suna cyclosporine zai tare wannan, amma gwajin CIRCUS na 2015 bai nuna ya amfani marasa lafiya ba.