Waiwaye: Anne, magajiyar Bretagne, da sharaɗin auren 1499

Har yau ana ja-in-ja a yammacin Faransa kan birnin Nantes: a mayar da shi cikin yankin Bretagne ko a bar shi inda yake. A 2018 mutum sama da 100,000 suka sa hannu a takardar neman a yi ƙuri'ar jin ra'ayi, a 2022 kuma majalisar Bretagne ta nemi ƙarin ikon tafiyar da al'amuranta. Yawancin masu muhawarar a 1941 suke tsayawa, shekarar da aka fara cire Nantes daga yankin a takarda. Alhali maganar ta faro ne tun zamanin wata yarinya da aka haifa a fadar Nantes a 1477.

Sunanta Anne, 'yar François II mai mulkin Bretagne, lokacin ƙasar tana cin gashin kanta. A 1488 dakarun Faransa suka ci mahaifinta da yaƙi, ya rasu a shekarar, ta gaji ƙasa tana da shekara 11. A 1491 Faransawa suka yi wa birnin Rennes na Bretagne ƙawanya, aka aurar da ita ga Sarkin Faransa Charles VIII. Wannan kam sananne ne.

Inda ya kamata a tsaya shi ne abin da ya biyo bayan rasuwar Charles a 1498, ba tare da ya bar ɗa a raye ba. Anne ta koma gida, ta sake kama ragamar mulki, har aka buga kuɗi da sunanta. Da za ta auri sabon sarki, Louis XII, a garinta Nantes aka ɗaura auren cikin Janairun 1499, kuma wannan karon da bakinta a cikin sharuɗɗan. Babban sharaɗin shi ne Bretagne ba za ta bi magajin sarautar Faransa ba, ɗa na biyu ne zai gaje ta, don kada rawani biyu su hau kai ɗaya. Matar da aka aurar bisa dole tana da shekara 14 ce ta tsara wannan, kuma hakan ba ƙaramin hangen nesa ba ne.

Sai dai 'ya'ya mata biyu ne suka rayu mata, Claude da Renée. A 1504 aka ƙulla cewa Claude za ta auri wani yarima daga wajen Faransa, Charles na gidan sarautar Habsburg, abin da Anne take so ke nan. A 1506 wakilan garuruwan Faransa suka taru a Tours suka roƙi a warware, aka yi wa Claude baiko da François, mai jiran gadon sarautar Faransa, tana 'yar shekara shida. A ganina nan zance ya ƙare, domin ƙasar da makomarta ta rataya a kan wanda za a bai wa yarinya aure, takarda ba ta isa ta tsare ta ba.

Anne ba ta yarda da haɗin ba har ta rasu a Janairun 1514. Wata huɗu bayan haka aka ɗaura auren. A 1532 majalisar Bretagne ta zauna a Vannes, aka haɗe ƙasar da Faransa.