Mazaɓar Millwall: ga amsoshin a wuri guda, don Allah a huta da ni

Tun ranar da na ba da labarin mazaɓar Millwall ta gabashin Landan, tambayoyin nan dai ne suke ta dawowa kamar kuɗin goro. Ga su nan, kowa ya ɗauki tasa.

Ita ce ta kulob ɗin ƙwallo?

A'a. Kulob ɗin a unguwar aka kafa shi a 1885, amma tun 1910 ya ƙetara kudancin kogin Thames. Maganar mazaɓar kansiloli nake yi, a ƙaramar hukumar Tower Hamlets, yankin da ake kira Isle of Dogs.

Tana nan har yanzu?

Ba ta nan. An fara zaɓe a cikinta da wannan suna a 1978, aka soke ta a 2014. Mazaɓun Canary Wharf da Island Gardens ne suka gaje ta.

To mazaɓar da ta mutu, me ya sa ake ta tono ta?

Saboda ƙuri'a bakwai. Ranar 16 ga Satumba, 1993, aka yi zaɓen cike gurbi. Derek Beackon na BNP, jam'iyyar masu ƙyamar baƙi, ya samu 1,480, ɗan takarar jam'iyyar Labour ya samu 1,473. Kujerar kansila ta farko ke nan da BNP ta taɓa ci a Birtaniya. Tashoshin jiragen ruwan da suka riƙe unguwar sun rufe tun 1980, aiki ya tafi, gidajen hukuma sun yi ƙaranci, ga dogayen benayen Canary Wharf suna tashi a kan idon talaka. Sai aka samu masu raɗa wa mutane cewa iyalan 'yan Bangladesh ne suka cinye gidajen.

Ke nan duk mutanen unguwar haka suke?

Haba malam. Mutumin da ya ci da kashi ɗaya bisa uku na ƙuri'un shi za ka ɗora wa unguwa guda? A zaɓen watan Mayun 1994 ƙuri'unsa sun ƙaru, sun haura 2,000, amma ya sha ƙasa, domin waɗanda suka zauna a gida a 1993 sun fito. Labour ta kwashe kujerun uku. Wata takwas bai cika ba a kan kujerar.

Zan iya jera sakamakon Millwall da na Canary Wharf in ce ga yadda ra'ayin mutanen wurin ya sauya?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna. Za ka iya, amma da takatsantsan, kuma ni ba zan sa hannu a kan duk abin da ka fitar ba. Sunan Millwall bai sauya ba, iyakarta kuwa ta sauya: an sake shata ta a 2002. Wanda ya jefa ƙuri'a a Millwall a 1998 yana iya wayar gari a wata mazaɓa a 2002 alhali bai kwashe ko tabarma ba. Sannan mazaɓa ce mai kujeru uku, kowane mai zaɓe ƙuri'a uku ke hannunsa, yana iya raba su ga jam'iyyu daban-daban, yana iya jefa ɗaya ya yi tafiyarsa. Saboda haka in ka ga an rubuta jam'iyya kaza ta samu kashi kaza, fara tambaya: da ƙuri'un ɗan takararta na gaba aka lissafa, ko an tara na ukun an raba? Amsar tana bambanta. Zaɓen cike gurbi kuma kujera ɗaya ce, mutane ba su cika fitowa ba, kada ka ajiye shi kafaɗa da kafaɗa da babban zaɓe. Abin da ya fi damuna ma shi ne mutanen. 'Ya'yan 'yan dakon tasha da ma'aikatan banki da suka tare a sababbin benaye ba jama'a ɗaya ba ce. Sau da yawa abin da kake kira sauyin ra'ayi, sauyin masu haya ne. In dole sai ka kwatanta, tsaya tsakanin 2002 da 2010, lokacin da iyaka ɗaya ce.

Gaskiya ne jam'iyyar Conservative ta taɓa ci a nan?

Gaskiya ne, ka daina zaro ido. Simon Rouse ya ci zaɓen cike gurbi a 2004, a 2006 kuma suka ɗauke kujerun uku.

Wa ya soke ta? Maguɗi ne?

Kwantar da hankalinka. Hukumar shata iyakokin ƙananan hukumomi ta Ingila ce. Ta mayar da kansilolin Tower Hamlets 45 daga 51, mazaɓu kuma 20 daga 17.